Gindin Inji

Ran Laraba 'yan gwangwan suka zo,
su uku, da kura da sikeli,
suka kwance injin markaɗen Dada.
Dubu sha tara, in ji babbansu,
ƙarfen ne kawai, Hajiya, tsatsa ta cinye saura.
Ban yi ciniki ba.

Shekara ashirin da shida yana kuka
a wannan zaure na Bajoga.
Shi ne agogona.
Kafin ladan ya gyara murya
ya yi tari sau biyu, ya kama,
ni kuwa ina bakin rijiya da jarka,
barci yana tsiyaya daga idona kamar gasara.

Ban san muryar Dada a hankali ba.
Komai da ihu ake faɗinsa a gidanmu, saboda inji.
Ke! Bokitin gidan Malam Jauro!
Ke! Wake ne wannan, makanta kike yi?
Ke. Wannan. Waccan yarinyar.
Ni ce ta fari, aka ce kunya ce,
uwa ba ta kama sunan 'yar fari.
Na yarda.
Amma kunya ba ta ɗaukar tsohon bel.
Har gobe akwai layi biyu a cinyata
na ranar da na kifar da ƙullun ƙosan mutane
ya bi rariya, fari fat, kaji suna murna.

Ƙannena suna da suna, har da kirari.
Ni sai malamin aji ya kira sau biyu,
Suwaiba Hamma, Suwaiba Hamma,
kafin in tuna da ni ake.

Baba ya bi tirelar siminti daga Ashaka,
ya ce kwana huɗu.
Buhu ɗaya ya bari a zaure,
da shi aka yi wa injin gindi.
Abin da ya gina mana ke nan.

Da na samu hanya na tafi, ban waiwaya ba.
Makarantar kwana, sannan Bauchi, sannan farin kaya.
Duk wata ina aiko kuɗi.
Murya ce ban aiko ba.

Yanzu inji ya cinye kunnenta.
Tana zaune bakin tabarma, tana tsince tsakuwa a shinkafa
da yatsun da ba sa miƙewa,
ni ce kuma mai ihu.
Dada, maganinki! Dada, ruwa!
Wani lokaci nakan ji muryata ta dawo daga bango
in tsorata, don na san mai ita.

Da suka ɗaga shi, su ukun, suna nishi,
sai ga gindin a fili,
baƙi ƙirin da mai da ƙullun shekaru.
Na kawo ruwa da tsintsiya don in huta da ganinsa.
A kusurwa, inda ƙafar ƙarfe ta danne,
akwai rubutu.
Da tsinke aka yi shi tun simintin yana ɗanye,
ajami, a karkace, hannun wadda allonta
bai wuce izu biyu ba:
sin, wau, ya, ba.

Na tsuguna har ƙafata ta yi tsami.
Ban ce tabon ya goge ba. Yana nan.
Na dai tsuguna.

Na riƙo hannunta na kawo ta zaure,
na sa baki a kunnenta:
Dada, wa ya rubuta wannan?
Ta duba. Ta daɗe tana dubawa.
Ta shafa wurin da tafin ƙafa
kamar mai gwada zafin ruwan wanka.

Simintin da ke nan, ta ce,
yanzu ba sa yin irinsa.

Zauren ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji a cikinsa ba.
Can ta ce, a hankali,
ke, kin ci abinci?

Na ci a tasha.
Na ce mata a'a.